Gidan da Ba Ya Rushewa: Zambon Siyasa da Matsayin Iyali a Shirin The Simpsons

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi The Simpsons, shirin barkwanci na zane mai motsi da ake yi domin manya a Amurka tun 1989, da nufin gano inda zambonsa yake kaiwa da inda yake ja da baya. An bi hanyar nazarin matani, an ɗauki wasu labaran shirin, galibi na shekarun 1990, an auna su da yanayin da aka samar da su. Hujjar maƙalar ita ce shirin yana caccakar kusan kowace hukuma ta rayuwar Amurkawa amma yana ƙyale gidan aure, kuma wannan ƙyaliya ce ta ba shi damar yin zambon, ita ce kuma ta yi masa iyaka.

1.0 Gabatarwa

Ranar 27 ga Janairu 1992, Shugaba George H. W. Bush ya tsaya gaban taron masu watsa shirye-shiryen addini na Amurka ya ce burinsa iyalan ƙasar su ƙara kama da iyalin Walton, su rage kama da iyalin Simpson. Iyalin Walton na wani tsohon wasan talabijin ne da ke nuna mutanen karkara masu tsoron Allah da haɗin kai a zamanin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. Kwana uku bayan jawabin, masu shirin suka mayar da martani: aka nuna iyalin Simpson suna kallon Bush a talabijin, sai Bart, ɗan shekara goma, ya ce ai su ma kamar iyalin Walton suke, addu'arsu ke nan a fita daga matsin tattalin arziki. A watan Nuwamban shekarar Bush ya faɗi zaɓe, kuma tattalin arzikin na daga cikin manyan dalilan faɗuwarsa.

Abin da ya sa na fara da wannan cacar baki shi ne, a ganina shugaban ya karanci shirin a baibai, kuma masu sukarsa da yawa a wancan lokaci haka suka karance shi. An ɗauka maƙiyin iyali ne. Makarantu da dama sun hana yara sa riguna masu hoton Bart a 1990, uwargidan shugaban, Barbara Bush, ta kira shirin mafi wauta da ta taɓa gani. Amma wanda ya zauna ya bi labaran a tsanake zai ga majalisa ta sha duka, 'yan sanda sun sha, makaranta da coci da kamfani da gidan jarida duk sun sha, gidan Homer da Marge kuwa yana nan daram.

Ga wanda bai san shirin ba: Matt Groening, mai zanen barkwanci ɗan garin Portland, shi ya ƙirƙiri iyalin, ya raɗa wa mafi yawansu sunayen iyayensa da 'yan'uwansa. Sun fara fitowa a matsayin 'yan gajerun zane cikin The Tracey Ullman Show a Afrilu 1987, sannan Groening da James L. Brooks da Sam Simon suka mayar da su cikakken shiri na rabin sa'a, wanda tashar Fox ta fara nunawa ranar 17 ga Disamba 1989. Homer ma'aikaci ne a tashar lantarki ta nukiliya, jami'in kula da kariya ne alhali barci ya fi yi a bakin aiki. Marge matar gida ce. 'Ya'yansu uku: Bart sarkin ƙiriniya, Lisa mai kaifin basira 'yar shekara takwas, da jaririya Maggie. Garinsu Springfield, wanda da gangan ba a faɗi jihar da yake ba. A Afrilu 2018 shirin ya wuce kashi 635 na shirin Gunsmoke, ya zama rubutaccen shirin dare mafi yawan fitowa a tarihin talabijin na Amurka.

2.0 Jinkirin zane da irin zambon da ya haifar

Masu nazarin zambo sukan tafi kai tsaye ga abin da aka faɗa, su manta da yadda aka ƙera shi. A nan kuwa ƙirar ce ta yanke wa abin faɗar girma. Kashi ɗaya na The Simpsons yakan ci wata shida zuwa tara daga rubutu zuwa nunawa. Marubuta su taru a ɗaki su yi ta gyaran labari, a naɗi murya, a tsara zanen a California, sannan a aika Koriya ta Kudu, inda kamfanoni irin su AKOM suke cike dubban hotunan da ke sa zanen ya motsa. Wanda zai jira wata tara kafin a ji maganarsa ba zai iya yin shaguɓe a kan labarin jiya ba, domin kafin ta fito an manta da labarin.

Sai marubutan suka koma ga abin da ba ya tsufa. Maimakon ɗan siyasa kaza, suka ƙirƙiri Magajin Gari Quimby, maci amana mai neman mata wanda yake magana da karin harshen gidan Kennedy. Maimakon attajiri kaza, suka ƙirƙiri Mista Burns, mai tashar nukiliya, tsoho tukuf wanda ba ya iya tuna sunan Homer duk daɗewarsa a wurin. Akwai Wiggum shugaban 'yan sanda malalaci, da Kent Brockman mai karanta labarai da ke juya kowane abu ya zama abin firgici, da Rabaran Lovejoy wanda wa'azi ya gundure shi shi kansa. Kowannensu hukuma ce aka ba ta fuska da murya.

Kwatanci da South Park zai fito da batun. Trey Parker da Matt Stone, waɗanda suka fara nasu shirin a 1997, suna haɗa kashi guda cikin kwana shida da kwamfuta. Shi ya sa suka iya nuna labari a kan nasarar Obama ranar 5 ga Nuwamba 2008, kwana ɗaya tak bayan zaɓe. Nasu zambon mai zafi ne, na yanzu-yanzu, kuma da yawa daga cikinsa yakan buƙaci bayani bayan shekara goma. Na The Simpsons ya fi sanyi amma ya fi jure zama.

A nan ne ya kamata a taɓo batun “duba” da ake jingina wa shirin, wanda ya cika wayoyinmu a WhatsApp da TikTok, har ana fassara shi da Hausa ana cewa akwai wata ɓoyayyiyar ƙungiya a bayansa. Gaskiya ne a Maris 2000 an nuna Lisa ta zama shugabar ƙasa ta gaji baitulmali wayam daga wani Shugaba Trump. Amma a daidai lokacin da ake rubuta labarin Donald Trump yana zawarcin takara a jam'iyyar Reform, sunansa na cikin jaridu. Hoton da ake yawo da shi kuwa, na Trump yana saukowa daga matakala mai tafiya da kanta, an zana shi ne a 2015 bayan abin ya faru. Shirin da ya yi ɗaruruwan labarai yana nazarin halin hukumomi dole wani lokaci hasashensa ya dace, tun da hukumomin ba sa sake hali.

3.0 Hukuma da talakawanta

Labarin da ya fi nuna yadda shirin yake tunani a kan siyasa, a wurina, shi ne “Much Apu About Nothing” na Mayu 1996, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Wata dabbar beyar ce ta ɓato hanya ta shigo unguwar su Homer. Ba ta taɓa kowa ba, aka harbe ta da allurar barci aka ɗauke. Amma Homer ya tara jama'a suka yi dafifi zuwa ofishin Magajin Gari suna neman a kare su. Quimby ya kafa rundunar sintiri ta musamman domin beyar, har da jirgin yaƙi mai ɓoye wa na'urar hango jirage. Homer ya tsaya ƙofar gida yana jin daɗi, yana cewa ga shi babu beyar ko ɗaya, lallai sintiri yana aiki. Lisa ta ɗauki dutse a ƙasa ta ce da wannan tunani ita ma tana iya cewa dutsen nan yana korar damisa, tun da ba a ga damisa a unguwar ba. Homer ya yi shiru, ya yi nazari, ya zaro kuɗi ya ce zai sayi dutsen.

Da takardar albashi ta zo, ya ga an cire masa dala biyar harajin sintiri. Jama'ar da suka nemi rundunar su ne suka sake komawa suna kukan haraji. Quimby, da ya rasa mafita, sai ya ce baƙin haure ne suka jawo tsadar, ya gabatar da ƙudurin korar su. Nan take gari ya manta da beyar. Labarin martani ne ga Ƙuduri na 187 da masu zaɓe a California suka amince da shi a Nuwamba 1994, wanda ya nemi hana baƙi marasa takardu makaranta da asibitin gwamnati, kafin kotu ta dakatar da shi.

Abin lura a nan shi ne wanda ake yi wa zambon. Quimby maƙaryaci ne, amma ba shi ya fara ba. Talakawa ne suka tsorata da abin da bai kai ya kawo ba, suka nemi abin da ba sa son biya, suka karɓi bayani mafi sauƙi. Zambon siyasa da muka saba da shi yakan ware talaka a matsayin wanda aka zalunta, ya ɗora laifi a kan mai mulki. The Simpsons ba ya yi wa talaka wannan alfarma. A “Marge vs. the Monorail” na 1993, wanda Conan O'Brien ya rubuta, an ci Burns tarar dala miliyan uku saboda zubar da dattin nukiliya, Marge ta ba da shawarar a gyara babban titin gari da ya lalace, amma wani ɗan damfara mai zaƙin baki ya sa taron ya zaɓi jirgin ƙasa na zamani da garin ba ya buƙata. Ba cin hanci aka yi ba, ƙuri'a aka kaɗa, da waƙa da tafi.

Ko inda talaka ya yi nasara, ba da wayonsa ba ne. A “Last Exit to Springfield”, shi ma na 1993, Burns ya nemi ƙungiyar ƙwadago ta yafe tsarin biyan kuɗin maganin haƙori a ba su gangar giya kyauta, kuma saura ƙiris su yarda. Homer ya hana ne kawai don ya tuna, bayan dogon tunani, cewa Lisa na buƙatar gyaran haƙora. Aka naɗa shi shugaban ƙungiya. Duk lokacin da Burns ya yi masa tayin toshiya, Homer ba ya gane abin da ake nufi, Burns kuma ya ɗauka taurin kai ne na gogaggen ɗan gwagwarmaya. Yajin aiki ya yi nasara bisa rashin fahimta. Amma a lura da abin da ya motsa Homer tun farko. Ba aƙida ba ce, ba kishin ma'aikata ba ne, 'yarsa ce.

4.0 Abin da ake ƙyalewa

Paul Cantor, a maƙalar da ya buga a mujallar Political Theory a 1999, ya nuna cewa duk da shirin yana yi wa iyali dariya, a ƙarshe yana tabbatar da shi ne, kuma ya zo a lokacin da wasannin talabijin na Amurka da yawa suka daina nuna gida mai uwa da uba da 'ya'ya a wuri ɗaya. Na yarda da shi a nan, amma ina so in ƙara wani abu: tsayuwar gidan ba saƙo ba ne kawai, sharaɗin zambon ne.

Homer mashayi ne, malalaci, yana shaƙe wuyan Bart idan ya fusata (abin da masu shirin suka rage a shekarun baya-bayan nan). An sha kai auren bakin rabuwa. An jarrabi Homer da wasu mata, an jarrabi Marge da wani namiji, ba wanda ya faɗa. Iyalin suna cin abinci tare, suna zuwa coci ranar Lahadi ko da suna gyangyaɗi. Kuma duk abin da ya faru cikin minti ashirin da biyu, mako mai zuwa an koma gidan jiya: Homer na bakin aikinsa, Bart na aji huɗu, Maggie na tsotson robarta. Zane ya ba da damar da ɗan wasa mai jini ba zai bayar ba, domin yaron da ke wasa a gaban kyamara dole ya girma.

Mai nazari Bahaushe zai gane wannan tsari daga tashe. A watan azumi yara da samari sukan kwaikwayi malami da mai kuɗi da tsoho da gwauro, su faɗi abin da ba a faɗa a sauran watanni, a yi dariya a ba su sadaka. Ana jure abin ne saboda kowa ya san yana da lokaci, kuma da an sha ruwan ƙarshe kowa zai koma matsayinsa. Komawa gidan jiya a The Simpsons ita ce ke tabbatar wa mai kallo cewa duk caccakar da ya gani ba za ta rushe komai ba. Shi ya sa ɗan jam'iyyar Republican da ɗan Democrat suke iya kallo tare, ko a labarin 1996 inda wasu halittun sararin samaniya biyu suka shiga rigar 'yan takarar shugabancin ƙasa Clinton da Dole, aka tona asirinsu, amma jama'a suka zaɓi ɗaya daga cikinsu duk da haka don kada su yi asarar ƙuri'a a kan jam'iyya ta uku.

Marubutan sun san wannan rauni, kuma sau ɗaya sun dube shi ido da ido. A “Homer's Enemy” na Mayu 1997, wanda John Swartzwelder ya rubuta, sun shigo da Frank Grimes, mutumin da ya taso cikin wahala, ya yi karatu da guminsa, ya samu aiki a tashar nukiliya kusa da Homer. Grimes yana kwana a ɗaki ɗaya da ke tsakanin gidajen wasa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da Homer ya gayyace shi gida don su shirya, sai ya ga bene, da mota biyu, da mata da 'ya'ya uku, da hoton Homer tare da tsohon shugaba Ford, da shaidar cewa ya je sararin samaniya. Ya kasa haɗiye abin. A ƙarshe ya zauce, ya shiga kwaikwayon sakarcin Homer, ya kama wayar lantarki mai ƙarfi da hannu yana ganin shi ma zai tsira kamar yadda Homer yake tsira kullum. Ya mutu. A wurin jana'iza Homer ya yi barci yana sambatu, mutane suka fashe da dariya. Masu kallo da yawa sun tsani labarin a lokacin, ni kuwa ina ganin a nan ne shirin ya fi faɗin gaskiya a kan kansa.

Mamakin Grimes ya ƙara nauyi da tafiyar shekaru. Takardar albashin da aka nuna a labarin beyar ta kai kimanin dala 480 a mako. Mutum mai takardar sakandare kawai, albashi ɗaya, yana riƙe da gida nasa na kansa da mutum biyar. A ƙarshen 2020 mujallar The Atlantic ta buga maƙala tana cewa irin wannan rayuwa ta fi ƙarfin Amurkawa da yawa a yau. Iyalin da Bush ya nuna a matsayin alamar lalacewa ya koma abin da matasa suke kallo da sha'awa, ba don shirin ya canza ba, sai don ya ƙi canzawa.

5.0 Baƙo a Springfield

Kariyar da gidan Simpson yake samu ba ta kai ga kowa ba. Apu, Ba'indiye mai kanti, shi ne aka tausaya wa a labarin beyar, kuma yana da digirin digirgir a ilimin kwamfuta. Amma Hank Azaria, Bature, shi ya riƙa yi masa murya da karin harshen da aka ƙara wa gishiri. A 2017 Hari Kondabolu ya fitar da fim ɗin The Problem with Apu, inda 'yan asalin Indiya da suka taso a Amurka suka bayyana yadda aka riƙa tsokanarsu da muryar a makaranta. Martanin farko da shirin ya mayar a 2018 na kare kai ne, kuma ta bakin Lisa aka yi shi, abin da ya ɓata wa mutane rai tun da ita ce muryar hankali a gidan. A 2020 Azaria ya ajiye muryar.

Musulmi ba su samu labari nasu ba sai Nuwamba 2008, lokacin da Bart ya yi abota da Bashir, yaro daga Jordan, Homer kuma ya zargi mahaifinsa da shirin tayar da bam alhali aikinsa rushe tsofaffin gine-gine ne. Zambon a kan tsoron Homer yake, kuma an yi shi da kyakkyawar niyya, amma iyalin Bashir darasi ne aka kawo, ba maƙwabta ba. Nijeriya ta samu nata rabon a Maris 2015, inda wani sarki ya zo da 'yarsa Kemi domin cinikin yuraniyum da Burns. Mai kallo a Agadas ko Kano zai yi murmushi, domin yuraniyum a Arlit ake haƙarsa, a Nijar.

Gwajin da tashar MBC ta yi a azumin 2005 ya nuna iyakar tafiyar shirin ta ɗaya ɓangaren. An mayar da shi Larabci da sunan Al-Shamshun, Homer ya zama Umar, Bart ya zama Badar, giya ta koma lemo, aka cire mashayar Moe da Homer yake zuwa. Bai daɗe ba aka daina. Da aka cire abin da Homer yake gudu zuwa gare shi, dawowarsa gida ta rasa ma'ana.

6.0 Mai zambo da mai gidansa

Brooks ya samu wani sharaɗi a kwantiraginsa da ya hana shugabannin Fox tsoma baki a rubutu, kuma tashar, wadda aka kafa a 1986 tana neman gindin zama, ta yarda. Marubutan suka yi amfani da damar suka riƙa zagin Fox a kan Fox, har mai tashar, Rupert Murdoch, ya zo ya yi muryar kansa yana kiran kansa azzalumin attajiri. A Oktoba 2010 suka bar mai zanen bango Banksy ya tsara buɗewar shirin, ya nuna ma'aikatan Asiya cikin duhu suna zana iyalin Simpson da ɗinka kayan tallarsa. Fox ta nuna, ta karɓi kuɗin talla. Zagin da ake sayarwa ba ya yi wa mai gida ciwo, ado ma yake ƙara masa, tun da yana nuna shi mai haƙuri ne.

A Maris 2019 Disney ta sayi mafi yawan kadarorin 21st Century Fox a kan dala biliyan 71.3, shirin yana ciki. Da aka buɗe Disney+ a Hong Kong a Nuwamba 2021, masu kallo suka lura babu wani kashi na 2005 inda iyalin suka je China suka ga allo a dandalin Tiananmen yana cewa ba abin da ya faru a wurin a 1989. A 2023 aka sake rasa wani kashi da ya ambaci sansanonin aikin tilas. Sharaɗin Brooks ya kare ɗakin marubuta daga mai gyara, amma bai ce komai a kan wanda yake riƙe da rumbun ba, kuma a zamanin kallo ta intanet mai rumbu ba ya buƙatar canza kalma ko ɗaya. Ya ishe shi ya tsallake lamba ɗaya a jerin zango na goma sha shida, inda kashin na China yake.